Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Cutar Yaushi da Cacar Iri a Fadamar Haɗejiya

A ƙarshen watan Maris na shekarar da na kammala jami'a, bayan hunturu ya janye zafin bazara ya sauka, tumatirin mahaifina ya fara yaushi a lambunmu da ke kusa da kogi a ƙasar Miga. Abin ya faro ne da tushe biyar ko shida a fangalin da ruwa ke fara shiga. Da hantsi ganyen sama ya langaɓe, da dare ya miƙe kamar ba abin da ya same shi, washegari ya sake langaɓewa. A kwana na huɗu bai ƙara tashi ba. Ganyen bai yi rawaya ba, bai huje ba, babu tsutsa a jikinsa. Da korensa ya mutu, 'ya'yan da suka fara ƙosawa suna rataye.

Baba ya yi abin da kowane manomi zai yi idan ya ga shuka ta langaɓe, wato ya ƙara mata ruwa. Da abin ya ci gaba zuwa fangali na gaba, sai ya ɗauki tushe guda ya nufi kasuwa. Mai shagon maganin gona ya dubi tushen daga nesa, ya ce, "Alhaji, wannan ai ciwon da ake yayi ne bana, ga maganinsa." Aka yi feshi. Bayan mako guda aka koma, ya ba da wata kwalbar daban. Kafin a kai ga ta uku, kuɗin akuya biyu sun tafi, rabin lambun kuma ya kwanta.

Ranar da na iso gida na yanki karan wani tushe daf da ƙasa, na rataya guntun a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kamar yadda aka koya mana. Cikin 'yan mintuna sai ga farin zare-zare yana tsiyayowa daga bakin yankan yana sauka ƙasan kofin. Na ce, "Baba, ba ƙishirwa ba ce, ba kuma tsutsa ba ce. Bakteriya ce ta toshe masa jijiyoyin ruwa, kuma babu kwalbar da za ta kashe ta." Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ce, "To na ji. Baɗi wane iri zan shuka?"

Kofin gilashi ba ya amsa wannan tambaya. Amsarta tana ga sanin wace zuriya ce ta wannan bakteriya ke zaune a ƙasarmu da ruwanmu. Matsayina a wannan maƙala shi ne: duk wanda ya raba wa manoman fadama iri ya ce musu mai jure cuta ne, ko ya sayar musu da magani ya ce na yaushi ne, alhali bai tantance zuriyar cutar da ke gonakinsu ba, to caca yake yi, kuma da dukiyar talaka yake yin ta.

Suna ɗaya, zuriya huɗu

Bakteriyar da ke haddasa wannan yaushi sunanta a kimiyyance Ralstonia solanacearum. Wani masanin cututtukan tsirrai ɗan Amurka, Erwin F. Smith, shi ya fara bayyana ta a 1896. Tana zaune a cikin ƙasa da ruwa da saiwoyin ciyayi. Tana shiga shuka ta raunin da ke jikin saiwa, ko na dashe, ko na fartanya, ko na tsutsar saiwa. Idan ta kai ga jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa zuwa ganye sai ta hayayyafa, ta fitar da wani yauƙi mai kauri da ke toshe hanya. Shi ya sa shuka ke mutuwa da ƙishi tana tsaye a cikin laima, kuma shi ya sa ƙara ruwa ba ya ceton ta, sai dai ya kwashi cutar ya kai wa maƙwabciyarta. Tana kama nau'in tsirrai sama da 200, cikinsu har da tumatir, tattasai, attaruhu, gauta, dankalin Turawa, taba, gyaɗa da riɗi. Duk wanda ya san abin da Jigawa ke ci da abin da take sayarwa ya san ba baƙon jeri aka karanto masa ba.

Tsawon shekaru ana kiran ta da suna ɗaya saboda aikinta iri ɗaya ne a ido. Da aka samu damar karanta sinadarin gado na DNA sai lamarin ya sauya. A 2002 masana a Faransa suka kammala karanta ɗaukacin gadon wani samfuri nata, suka same shi da haruffan gado kusan miliyan 5.8. A 2005 Mark Fegan da Philippe Prior suka nuna cewa abin da ake kira cuta ɗaya ya kasu zuriya huɗu, kowace da mahaifarta: ta farko daga Asiya, ta biyu daga nahiyar Amurka, ta uku daga Afirka, ta huɗu daga yankin Indonesiya. A ƙarƙashin kowace zuriya kuma akwai gidaje masu yawa, waɗanda ake bambancewa ta hanyar karanta wani yanki guda na gadonsu. Bambancin ya kai ga a 2014 aka raba su zuwa jinsi uku masu zaman kansu. Ƙari a kan haka, wannan bakteriya tana iya tsintar guntun DNA na 'yar'uwarta ta haɗa da nata, ta fito da halin da ba a san ta da shi ba a da.

Wani zai ce wannan duk zancen malaman jami'a ne, manomi ina ruwansa da asalin abin da ya kashe masa shuka. Ruwansa shi ne, juriyar iri ba ta gama-gari ba ce. Akwai wani irin tumatir da ake kira Hawaii 7996, wanda masu bincike a duniya suka ɗauka a matsayin ma'aunin juriya ga wannan cuta. Amma an gano cewa ɗaya daga cikin manyan sassan gadon da ke ba shi kariya yana aiki ne a kan zuriyar Asiya, ba a kan kowace zuriya ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2011, masana a tsibirin Reunion sun haɗa nau'in tumatir da gauta da barkono 30 da aka sani da juriya da samfurin bakteriya 12 daga zuriyoyi daban-daban. Babu irin tumatir ko ɗaya da ya tsaya wa dukkansu. A tsibirin Martinique kuwa, daga 1999 wani sabon gida na zuriyar Amurka ya ɓullo, ya kayar da tumatirin da aka daɗe ana dogaro da juriyarsa, ya kuma faɗa wa dangin kabewa da kokwamba, waɗanda 'yan'uwan kankanarmu ne. Saboda haka kalmar "mai juriya" a jikin gwangwanin iri rabin magana ce. Sauran rabin shi ne: juriya ga wa?

Abin da maƙwabta suka gani

Ba sai mun je tsibirai masu nisa ba. A 2005 aka zagaya Kamaru aka tattaro samfuri 110 daga tumatir da dankali da barkono da riɗi da wasu ganyayyaki, sakamakon ya fito a 2009: zuriya uku cikin huɗun nan suna zaune a ƙasa ɗaya, ta Asiya da ta Amurka da ta Afirka. A Kodebuwa aka bincika samfuri 168, aka wallafa a 2012. Hankali zai ba mutum cewa a ƙasar Afirka zuriyar Afirka ce za ta yi rinjaye. Sai ga shi kusan tara cikin kowane goma na zuriyar Asiya ne, ta Afirka kuwa 'yar kaɗan ce. Da masana sun tsaya a kan zato, da sun shirya wa abokin gabar da ba shi ne a fagen ba. Darasin da ke nan a fili yake: cutar tana tafiya da mutane da kayansu, kuma ba a sanin wadda ta sauka a gari sai an bincika.

Mu kuma me muke shukawa? Tsofaffin irin da suka daɗe a hannun manoman rani na Arewa su ne UC82B da Roma VF. Haruffan nan biyu na ƙarshen sunan Roma suna nuni ne ga cututtuka biyu da yake jurewa, Verticillium da Fusarium, kuma dukkansu dangin fumfuna ne, ba bakteriya ba. Su ma suna sa yaushi, amma na Fusarium yakan faro da rawayar ganyen ƙasa, sau da yawa a gefe ɗaya na shukar, kuma karansa ba ya zubar da farin zare a kofi. Manomi yana ganin yaushi, mai shago yana ganin ciniki, a haɗa cututtuka uku ko huɗu a ba su suna ɗaya, a ba su kwalba ɗaya. Maganin ƙwari ƙwari yake kashewa, maganin fumfuna fumfuna yake kashewa. Bakteriyar da ta shige cikin jijiyar shuka, sauranta kuma na kwance a ƙasa, feshin ganye ba ya kai mata.

Hujjoji uku da ake kawowa

Hujja ta farko ita ce, wannan cutar Kudu ce, inda ruwan sama ya yi yawa, mu nan ƙasarmu busasshiya ce. Gaskiya ne an fi ba da rahotonta a kudu maso yammacin Nijeriya. Sai dai bakteriya ba ta karanta taswirar damina. Abin da take nema laima da zafi ne, kuma fangalin da aka cika da ruwa a watan Afrilu ya haɗa duka biyun. Masar ta fi mu fari nesa ba kusa ba, amma ruɓewar dankali da wannan bakteriya ke haddasawa a gonakin ban ruwa na kogin Nilu ta sa tun shekarun 1990 Tarayyar Turai ta gindaya wa dankalinta sharuɗɗa, ba a karɓa sai daga yankunan da aka tabbatar babu cutar. A Mali ma, ƙasar da yanayinta ya yi kama da namu, an tabbatar da ita a tumatir da dankali a wani rahoto na 2010. Fari ba garkuwa ba ne ga ƙasar da ta rungumi noman rani.

Kuma a dubi yadda koginmu yake. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da gonakin tumatir na Kadawa da Kura. Kogin Kano ya haɗu da na Challawa, wanda aka datse a 1992, su bi ta Wudil, su ratsa Ringim, su wuce ta gefen ƙasarmu, su shayar da aikin ban ruwa na kwarin Haɗejiya a Auyo, su bazu a dausayin Haɗejiya da Nguru. Duk abin da ya shiga ruwan a sama, hanyarsa ta ƙofar gidanmu ce. Abin da ya fita daga lambunmu kuma na mutanen Guri da Nguru ne. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta shafe iyakokin gonaki, ta kwashi ƙasar wannan ta zuba a ta wancan. Holand ta koyi wannan darasi a 1995, lokacin da cutar ta ɓarke a dankalinta, aka gano tana fakewa a saiwar wata ciyawa ta bakin rafi tana komawa gona ta ruwan ban ruwa. Daga baya suka hana shayar da dankalin iri da ruwan rafuka. Mu ba za mu iya hana manomi ruwan kogi ba, domin shi ne rayuwarsa. Wannan ne ma ya sa sanin abin da ke cikin ruwan ya fi wajaba a kanmu fiye da su.

Hujja ta biyu ita ce talauci. Ana cewa manomi taki yake nema da injin ban ruwa da man fetur, binciken gado kuwa ƙawa ce ta ƙasashen da suka ƙoshi. Wannan lissafi a juye yake. Takin da aka zuba wa shukar da za ta mutu kafin a tsinki kwando ɗaya asara ce, man da aka ƙona aka yaɗa cuta daga fangali zuwa fangali kuwa ya fi asara muni. Mai wadata ne ke iya shuka iri a kan zato, in ya faɗi ya sake. Wanda ya sayar da akuya ya sayi gwangwanin iri ba shi da wannan sarari. Kuma aikin bai kai tsadar da ake zato ba. Tantance zuriya huɗun nan gwaji guda ne a na'urar PCR, irin wadda jihohi da yawa suka mallaka a lokacin annobar korona ta 2020. Na'urar da aka saya don ciwon mutum da irinta ake gane ciwon tumatir. Abin da ya bambanta shi ne sinadaran da ake zuba mata da hannun da ya iya.

Amurka, duk da arzikinta, ba ta ɗauki wannan sani a matsayin ƙawa ba. Ta sanya wani gida guda na wannan bakteriya, mai jure sanyi, cikin jerin ƙwayoyin cuta masu haɗari ga tsaron ƙasa. Da ya shigo mata a 2003 a jikin dashen furanni daga Kenya, aka bi gidajen renon shuka aka lalata kayan da ya taɓa. A lura, ba dukkan dangin suka sa wa ido haka ba, gida ɗaya ne, domin sun san shi ne zai iya rayuwa a ƙasar dankalinsu. Wanda ya san bambanci shi ke sanin inda zai kashe kuɗinsa.

Hujja ta uku ba a faɗin ta a ofis, a bakin lambu ake faɗin ta: ƙaddara ce. Ba na jayayya da ƙaddara, kuma na ga yadda wannan kalma ta riƙe zuciyar mahaifina a ranar da lambunsa ya kwanta. Amma manomin da ya ce ƙaddara shi ne dai ya yi shinge saboda awaki, ya kwana a gona saboda tsuntsaye. Bai taɓa ɗaukar neman sababi a matsayin saɓa wa tawakkali ba. Wanda nake tuhuma shi ne mai ilimi ko mai muƙamin da ke fakewa da haƙurin manomi don ya huta da aikinsa.

A nan dole in haɗa da kaina da ire-irena. Mun yi shekara huɗu ko biyar muna haddace sunayen Latin, muka rubuta kundin kammala karatu da Turanci, aka ɗaure shi da baƙin bango aka jera a kanta. Gwajin kofin nan da ya ɗauke ni minti biyar, shekaru ina ɗauke da shi a kai ban taɓa nuna wa mahaifina ba sai da ya yi asara. Ilimin da bai iya tsallaka titi daga aji zuwa fadama ba, ba shi da bakin zargin manomi da jahilci.

Abin da ya kamata a yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye tumatirin Arewa har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tsutsar ta fito daga Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta yi shekaru tana matsowa, amma ta same mu kamar ba a taɓa jin labarinta ba. Ita ana ganin ta da ido, kuma tana da maganin feshi. Wadda ke cikin ƙasa ba ta da ko ɗaya, kuma idan ta zauna a gona takan yi shekaru.

Na farko, kowane malamin gona na JARDA da kowane mai shagon maganin gona ya iya gwajin kofi, kuma ya zama abin kunya a sayar da maganin yaushi ba a yanka kara ba. Na biyu, a riƙa tattara samfurin shuka da ƙasa da ruwa a kowace kakar rani da damina, tun daga Ringim har Guri, a tantance zuriya da gida. Muna da inda za a yi: Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da tashar NIHORT ta Bagauda. Tun da kogin ya ratsa jihohi, Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ta fi cancanta ta haɗa kan aikin. Sakamakon kuma a fitar da shi a taswira, da Hausa, a karanta a rediyo.

Na uku, kada wani shiri na gwamnati ko na masu ba da tallafi ya raba iri da sunan mai jure yaushi sai an gwada shi a ƙasar da ke da cutar a wannan kwari, manoma sun gani da idonsu. Na huɗu, a sa ido a kan dashe, domin damin dashen da aka sayo daga wata kasuwa yana iya zuwa da zuriyar da ba mu da ita. A yi reno a ƙasar da ba a taɓa ganin yaushi ba. Na biyar, fangalin da ya kamu a tuge shukarsa da saiwarta a ƙone, a karkatar da ruwa daga gare shi, a juya shi zuwa shinkafa ko alkama ko masara na wasu shekaru, tun da hatsi ba abincinta ba ne.

Na ƙarshe shi ne aure. Manominmu ya daɗe da sanin yi wa mangwaro aure. A Asiya, Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Taiwan ta yaɗa dabarar aura kan tumatir a gindin gauta mai juriya, kuma gindin gauta yana jure kwanciyar ruwa fiye da na tumatir, abin da ɗan fadama ke buƙata. To amma wane gindi? Nan ma mun dawo kan tambayar farko. Mai yiwuwa amsar tana cikin irin gauta da yalo da kakanninmu suka adana a ƙwarya, waɗanda muke watsarwa saboda gwangwani mai hoto. Bambancin gadon cuta ba a tare shi sai da bambancin gadon shuka, kuma ƙasar da ta koma shuka iri ɗaya daga Kadawa har Haɗejiya ta shimfiɗa wa cuta tabarma.

A shekarar da ta biyo baya Baba ya zuba alkama a fangalolin da suka kamu, ya mayar da tumatirin can sama inda ruwa ke fara isa kafin ya bi ta tsohon wurin. Ya rage asara, amma da dabara ce ta kauce wa abokin gaba, ba da sanin ko wane ne ba. Tambayarsa tana nan yadda ya yi ta a gaban kofin gilashi, kuma dubban manoma a wannan kwari suna da irinta. Suna biyan kuɗin ruwa, suna biyan haraji a kasuwa, 'ya'yansu sun cika ajujuwan koyon aikin gona. Haƙƙinsu ne a gaya musu wace zuriya ce ke cikin ƙasarsu kafin a sake miƙa musu wani gwangwanin iri.